Inda Tarakta Take Kwana

Kafin in zama malamin makaranta na yi shekara huɗu ina tuƙa tarakta. Mutane da yawa a Rano sun manta da haka, ni kuma ba na tuna musu. Amma har yau in tarakta ta wuce ta bayan ajinmu, kunnena yakan bar allo ya bi ta, in ji ko lafiyarta ƙalau ko tana tari. Wanda ya koya mini tuƙin wani Alhaji ne a Kibiya, mai tsohuwar tarakta guda ɗaya da yake yi wa mutane haro da huɗa. Shi ya ɗora ni a kujera, shi ya nuna mini giya, da na gama karatu kuma ya ba ni 'yarsa ba tare da ya tambayi abin da na mallaka ba. Har yau ba na iya haɗa ido da shi, in aka kawo masa abinci sai in tashi in ba shi wuri.

Ɗaya dattijon da ke cikin wannan magana shi ne Baffa. Ba ɗan'uwan mahaifina ba ne na jini, amininsa ne, Bafulatani da ya zauna a gefen Rurum tun kafin a haife ni, yana kiwo yana noma. Da mahaifina ya rasu, Baffa ne yake zuwa da shanunsa duk farkon damina ya huɗe wa mahaifiyata gona kafin ya taɓa tasa. Shanun huɗar nan guda biyu ne, fari da ja, kuma shi ya hore su da hannunsa. Ba sa buƙatar a ja su da igiya. In sun kai ƙarshen kunya su da kansu suke juyawa, Baffa yana bayansu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar masu hira.

Wata ranar kasuwa cikin bazara, zafi ya ishi kowa, na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a zauren gidana, malafarsa a kan gwiwa. Bayan mun gaisa ya ce gwiwoyinsa sun fara ƙin bin garma, 'ya'yansa biyu sun tafi kudu da garke, babban ne kawai ya rage a gida, shi kuwa hankalinsa yana kan inji. Ya ce wani dillali ya ba shi labarin tarakta a Kibiya.

"Da na bincika sai aka ce ta surukinka ce," in ji shi, yana murmushi. "Na ce to shi ke nan, abu ya zo gida. Kai ka tuƙa ta, kai ka san ƙarfe. Ka raka ni ka duba. In ka ce ta yi, in kai shanun huɗa kasuwa, in haɗa da wasu daga garke."

Ni kuwa na san taraktar nan ciki da waje. Na san a ƙarƙashin kujerar direba, a tukunyar da man ɗaga garma da na giya suke zama, akwai tsagewa. Shekara biyu kafin nan ta tsage, aka yi mata walda, aka shafe da fenti. Da safe in ƙarfen yana da sanyi ɗigo kawai take yi. In ta yi aiki ta ɗau zafi sai tsagar ta buɗe baki. Duk sanda na je gaida surukai sai na wuce ta gefen rumfar da ake ajiye ta a bayan gida, ƙasan wurin baƙi ƙirin, ana zuba buntun shinkafa yana shanye man. Wannan ne lokacin da ya kamata in yi magana, mu biyu ne kawai a zaure, babu wanda zai ji. Sai na ce wa kaina bari in je in gani tukuna, wataƙila an sake gyarawa. Na san ba a sake ba.

"Mu tafi da sassafe, Baffa," na ce. "Tarakta da safe ake duba ta, kafin a tayar da ita."

Ya ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ya ce ka ji masu ilimin abu.

Washegari na ɗauke shi a babur muka isa Kibiya rana ba ta yi zafi ba. An fito da taraktar ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya, an wanke ta tas, an share ƙasan wurin an yayyafa ruwa. Maƙwabta huɗu ko biyar suna zaune a kan benci, don a ƙauye ba a cinikin babban abu a ɓoye. Na durƙusa na gaida Alhaji. Ya karɓi Baffa hannu biyu, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa.

Zan yi wa surukina adalci a nan: bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Da Baffa ya tambaye shi halin taraktar, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Malam, ga ɗanka nan. Ya fi ni saninta. Abin da ya gaya maka shi ne." Ya koma ya zauna yana jan carbi. Da wannan 'yar magana ya sauke kayan daga kansa ya ɗora mini, a gaban mutane, kuma na ji nauyinsu tun a lokacin.

Na tuɓe babbar riga na shiga aiki, kuma na yi aikin da kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ɗora tafin hannu a jikin injin na ce wa Baffa ya taɓa ya ji sanyi, domin mai son rufe aibi yakan tayar da ita tun kafin mai saye ya iso, inji mai ɗumi kuwa ko ya gaji yana tashi. Na zaro tsinken duba baƙin mai na nuna masa: baƙi ne sosai, ba fari-fari kamar an zuba nono ba, wato ruwa ba ya shiga cikinsa. Na buɗe murfin lagireto na leƙa, babu maiƙo a saman ruwan. Na murza makulli, bugu ɗaya ta tashi. Na ce ya dubi hayaƙin salansa, ya yi baƙi na ɗan lokaci sannan ya washe, da shuɗi ne da mun ce tana shan mai, da fari ne mai kauri da mun koma gida. Na kaɗa sitiyari na ji ba shi da wasa da yawa. Na taka birki, na taka kuloci, na sa kowace giya na ji ta shiga. Na bi tayoyin baya da yatsa ina neman tsagewa tsakanin haƙoransu. Ina yi ina bayani da ƙarfi kamar ina gaban aji, mutanen benci suna gyaɗa kai. Wuri ɗaya ne ban durƙusa na leƙa ba, kuma jikina ya san wurin, duk zagayen da na yi sai na ba shi baya.

Shi kuwa Baffa yana nasa duban. Ya saɓa sanda a kafaɗa yana zagaya ta a hankali. Ya bubbuga tayar baya da tafin hannu yadda ake bubbuga cinyar sa. Ya ja da baya ya tsuguna ya dube ta daga nesa, ko tsayuwarta ta karkace. Sannan ya dubi ƙasan da take tsaye, ya dubi sharar da aka yi.

"Alhaji," ya ce, "nan take kwana?"

Alhaji ya ce a'a, tana da rumfa a bayan gida.

"To a kai ni in ga makwancinta."

Wani daga kan benci ya tambaye shi me zai gani a can. Baffa ya juya ya yi masa bayani da natsuwa. Ya ce shi bai taɓa sayen dabba mai tsada a kasuwa kawai ba. In zai sayi sa, sai ya bi mai shi gida da asuba ya ga inda san ya kwana. A kasuwa an wanke shi, an ba shi dusa, an shafa masa mai a ƙaho. Amma a turke za ka ga kashinsa, ka ga fitsarinsa, ka ga ko ya tashi da kyau ko ya yi ta tirza. Ya ce duk abin da dabba take ɓoyewa da rana, ƙasan da ta kwana a kai ta sani.

Babu makaniken da zai faɗi abin da ya fi wannan. Shi ne abu na farko da ya kamata ni in nema. Na dubi Alhaji, carbinsa ya tsaya a hannunsa, idonsa yana ƙasa. Taku ashirin ne daga inda muke zuwa rumfar. A raina na hango mu mun zagaya, Baffa ya sa sanda ya tona buntun nan, maƙwabta suna leƙe, surukina yana tsaye cikin kunya a ƙofar gidansa. Ban yi shawara da zuciyata ba, kawai sai na ji na fashe da dariya.

"Haba Baffa," na ce, "wannan fa ba saniya ba ce. Tarakta ba ta kashi. Ko za mu buɗe bakinta ne mu ƙirga haƙora?"

Benci ya ɗauka gaba ɗaya. Wani ya ce a kawo mata harawa, wani ya ce a tambaya ko tana da ciki. Irin tsokanar nan ce da mutanen gari suka saba yi wa Bafulatani, wai shi bai san komai ba sai saniya, kuma ni na buɗe musu ƙofa. Mutumin da ya huɗe gonar uwata shekara da shekaru na tsayar a gaban baƙi suna yi masa dariya. Baffa ya yi dariyar shi ma, 'yar gajeriya. Ya gyara malafa ya ce, "To, ku kuka san ƙarfe." Ya koma tabarma ya zauna, bai sake tambayar komai ba.

Saura gwaji ɗaya, wanda kowa a wurin ya san ana yi: a ɗaga garma sama, a kashe inji, a tsaya a gani ko za ta zauna a sama ko za ta riƙa saukowa da kanta. Na ɗaga, na kashe. Ya kamata a ba ta lokaci mai tsawo, ko mutum ya je ya sha fura ya dawo. Na tsaya ina kallon bakin garmar, na ga ya fara sunkuyawa kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda sai wanda ya sani zai lura. Na miƙa hannu na sauke ta da kaina, na ce ta yi.

A hanyar komawa, mun wuce gonaki an gama sharar su ana jiran ruwa, Baffa ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

"Ɗana, babu aibi?"

"Tsohuwa ce, Baffa," na ce, "amma tana da ƙarfi."

"Madalla. Mu a wajenmu in an tambaya an amsa, magana ta ƙare."

Na zaɓi kalmomin nan ne don kada a ce na yi ƙarya, har na ɗan ji daɗin dabarata a lokacin. Ina jin kunyar wannan jin daɗin fiye da komai. Da na isa gida matata ta tambaye ni yadda aka yi, na ce an daidaita. Ta dube ni ta ce, "Ka kai shi rumfa?" A gidan ta girma, ita ma ta san ƙasan wurin. Na ce mata ta kawo mini ruwan wanka.

Ranar kasuwa Baffa ya kai farin da jan, da wasu daga garke. An ce da mai sayen ya ɗaure musu igiya ƙin tafiya suka yi, sai da Baffa ya taka musu har bakin mota yana yi musu magana.

Ruwa ya sauka, babban ɗan Baffa ya hau taraktar. Kwanakin farko ta yi aiki har mutanen Rurum suna zuwa kallo, ni kuma na fara samun barci, ina cewa ashe waldar ta kama. A mako na biyu, ina cikin aji, waya ta yi ƙara. Ɗan Baffa ne, ya ce garma ta ƙi ɗagawa, kuma akwai wata ƙara a ƙarƙashin kujera kamar ana niƙa tsakuwa. Na ce ya kashe ta maza. Ya ce ai ta riga ta tsaya da kanta.

Na same ta a tsakiyar babbar gonarsu, rabi an huɗe rabi ba a taɓa ba. Baƙin layi na mai ya bi kunya tun daga can ƙarshen gona har zuwa inda ta tsaya. Tsagar ta buɗe, man ya tsiyaye, giya ta yi ta juyawa a bushe har haƙoranta suka cinye juna. Na kawo makanike daga Rano, ya kwanta ya leƙa, ya kankare fenti da wuƙa, ya ce wannan tsohuwar walda ce, irin ƙarfen nan kuwa ba ya karɓar walda sau biyu. Baffa yana tsaye a kanmu. Na jira ya dube ni, bai dube ni ba, cewa ya yi Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Mako uku ina zuwa kullum bayan an tashi daga makaranta. Na kwance, na ɗaura, na je Kano sau biyu neman tukunyar da za ta dace da tsohon samfurin nan, ban samu ba. Ina kwance a ƙasa mai yana ɗiga mini a fuska, masu wucewa suna cewa kai, Baffa ya yi dacen ɗa. Matar Baffa, wadda muke kira Inna, tana aiko mini da fura da nono har gona. Ina sha, don in na ƙi za a tambaye ni dalili.

Lokacin shuka kuwa ba ya jiran gyara. Duk mai shanun huɗa yana kan gonarsa, duk mai tarakta an yi masa layi. Baffa, wanda a da shi ake roƙo, ya riƙa bin gidaje yana tambayar ranar da za a samu sarari. Sai da kowa ya gama aka zo masa. Dawarsa ta fito a makare, ruwa ya ɗauke tana shirin fitar da kai. A shekarar nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Inna a kasuwar Rano tana awon hatsi.

Surukina ya aika a yi wa Baffa jaje. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Na daɗe ina jin haushinsa a ɓoye, ina cewa shi ya jefa ni. Amma in na zauna na bi abin daki-daki, shi shiru kawai ya yi. Da na yi shirun nan ni ma, da Baffa ya zagaya bayan gida da sandarsa ya gano wa kansa. Dattijon ya kamo gaskiya da hannunsa, ni na ɓamɓare masa yatsu.

Da rani ya yi aka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe taraktar, suka yanka ta a gonar suka loda. Baffa ya ware 'yan bijimai biyu ya ce zai hore su kafin damina. Horon sa aikin mai ƙarfi ne, ana ɗaura musu gungume su ja, suna tsalle suna fizga, ɗansa kuma bai iya ba, don haka Baffa ne ya riƙe igiya duk da gwiwoyin nan nasa. Wata safiya ɗaya daga cikin bijiman ya firgita ya fizge shi, ya faɗi a kan dutse, ƙugunsa ya goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Tun daga ranar Baffa bai sake bin garma ba.

Na tafi duba shi da niyyar in faɗa masa komai. Tun daga Rano nake maimaita maganar a kan babur, na shirya farkonta da ƙarshenta. Na same shi kwance a inuwa, da wani baƙo a gefensa. Yana ganina ya ce wa baƙon, "Ga ɗan nan da nake ba ka labari. Mako uku yana kwance a ƙasa saboda ni." Na zauna na jira baƙon ya tafi.

"Baffa," na ce, "akwai maganar da ta daɗe tana damuna, game da taraktar nan."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Na sani. Tun tuni nake ganinta a fuskarka. Kana ganin ka gaza da ba ta gyaru ba. Cire wannan a ranka, ɗana. Abin da ke cikin ƙarfe Allah kaɗai ya sani, kai ka duba iya ganinka." Ya numfasa, ya gyara kwanciya da ƙyar. "Ni ma ina da magana. Mahaifinka ya tafi ban yi masa komai ba, kai kuma ka yi mini abin da ɗan cikina zai yi. Akwai karsana a garke, mai farin goshi. Na gaya wa yaran, taka ce, ita da duk abin da ta haifa."

Bafulatani ba ya ba da karsana da wasa, kuma garken nan ya riga ya ragu. Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana murmushi. Maganar da na shirya tana nan a bakina, ba abin da ya hana ni sai ni kaina. Na sunkuyar da kai na ce na gode, Allah ya saka da alheri.

Baffa yana nan da ransa, yana jan ƙafa da sanda daga ɗaki zuwa inuwa. Karsanar ta zama saniya. Ranar Juma'ar da ta wuce ya aiko a gaya mini ta sake haihuwa, mace ce, in zo in ga dukiyata. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ina nan zuwa.